Daga ɗan baya zuwa tsaron raga a hokin ƙanƙara: matakan da na bi a Winnipeg

Kaka uku na yi ina buga baya a rukuni mafi ƙasa na wata gasar hokin ƙanƙara ta manya a Winnipeg, can jihar Manitoba ta Kanada, irin gasar da ma'aikata ke bugawa da daddare bayan an tashi aiki, wadda doka ta hana bangazar juna a cikinta. A ƙarshen Afrilu golanmu ya ce zai bar gari, kyaftin ya tambaya ko akwai mai son gwada raga, na ɗaga hannu. Daga ranar zuwa wasana na farko a ragar ƙungiyata wata shida aka yi. Na shiga da tunanin cewa da zarar na sayi kaya na gama rabin aiki, ashe babban aikin shi ne sake koyon tsayuwa da motsi a kan ƙanƙara tun daga tushe, kayan kuma ana zaɓarsu ne don su dace da wannan motsin.

Matakin farko aro ne. Golan da zai tafi ya ba ni aron kayansa na mako biyu, na je wasan tsakar rana da ake buɗe wa kowa a wani filin unguwa. 'Yan wasa na biyan dala 15, gola kuwa kyauta yake shiga, domin kullum ƙarancinsu ake, sai dai dole ka kira ofishin filin tun da safe a rubuta sunanka, gola biyu kawai ake ɗauka. Sa kaya ya ci min minti 40 a ranar, don haka ka je da wuri. Tsarin da ya zauna min daga baya shi ne: kayan ciki masu tsotse gumi, makarin gaba irin na gola mai kofi da matashi a mara, makarin gwiwa, wando mai kauri, takalmi, sannan manyan garkuwoyin ƙafa, sai sulken ƙirji da hannaye, makarin wuya, riga, kwalkwali, safofin hannu a ƙarshe. Ka shiga banɗaki kafin ka fara. Ka kuma lura da hagu da dama na garkuwar ƙafa: gefen da yake da kumburarren baki shi ke kallon waje, gefen da yake da matashin gwiwa shi ke ciki, don a kansa gwiwa za ta sauka idan ka durƙusa. Ni a juye na ɗaura su, sai da ɗayan golan, wani dattijo, ya nuna min na kwance na sake.

Da takalmina na ɗan wasa na shiga ranar, nan na gane bambancin. Ƙarfen ƙasan takalmin ɗan wasa a lanƙwashe yake kamar cikin kwale-kwale don juyi da gudu, na gola kuwa ya fi tsawo, ya fi miƙewa, kusan dukansa na taɓa ƙanƙara. Duk lokacin da na karya gwiwa na tura ƙirji gaba kamar yadda gola ke tsayuwa, sai takalmin ya nemi kifar da ni. Fak ɗin, wato faifan baƙar roba da ake bugawa, nauyinsa kusan giram 170 ne, faɗinsa inci 3, kaurinsa inci 1. Wanda ya same ni a ƙirji ban ji komai ba sai ƙara, amma wanda ya daki gefen ƙafata, inda takalmin ɗan wasa ba shi da kauri, ya bar min kumburi na kwana goma. Duk da haka wannan awa guda ta ba ni amsar tambayar da kuɗi ba sa amsawa: idan aka ɗaga sanda za a buga, jikinka yana matsawa wajen fak ɗin ne ko yana kaucewa? Na runtse ido a bugu biyar na farko, bayan haka tsoron ya sake ni. Wanda ya je sau uku yana ci gaba da kau da kai, gara ya dakata da sayayya.

Daga nan na yi kuskuren da ya fi cin kuɗi. Na ga garkuwoyin ƙafa na hannu a intanet a dala 300, an rubuta 35+2, suna sheƙi, na saya ban auna ba. Lambar farko girman garkuwar ce, ta biyu kuma ƙarin incin da aka yi a saman cinya. Tsawona santimita 178, kuma sun yi min yawa. Da na durƙusa sai gwiwata ta sauka a ƙasan matashin, wani lokacin ta zame ta daki ƙanƙara kai tsaye, saman garkuwoyin kuma suna karo da juna idan na yi taku. Na sayar da su dala 220. Sai a lokacin na je shagon kayan hoki mai sashen gola, abin da ya kamata in fara yi. Ranar Asabar na fara zuwa na tarar da layi, aka ce mai awon gola ɗaya ne, in dawo Talata da yamma. Ya zaunar da ni, ya sa na karya gwiwa, ya auna daga tsakiyar ƙashin idon sawu zuwa tsakiyar ƙoƙon gwiwa, ya samu inci 17, ya ce a yawancin kamfanoni 33+1 ne nawa. Ya ƙara da cewa Bauer da CCM da Vaughn da Brian's kowanne da jadawalinsa, don haka lambar jagora ce kawai. Gwajin gaskiya shi ne ka sa takalmin gola, ka ɗaura garkuwar, ka durƙusa a kan tabarmar roba: gwiwa ta sauka a tsakiyar matashin, ko da ka tashi ka sake faɗawa sau goma. Awon kyauta ne. Na gaya masa gaskiya cewa manyan kayan na hannu zan saya, bai ji haushi ba, ya rubuta min duk ma'aunaina a takarda.

A wannan zaman aka warware maganar hannu. Yawancin gola suna cafe fak da hagu, suna riƙe sanda da dama, a bayan hannun daman kuma akwai allon tarewa mai kusurwa huɗu. Idan kana jifa da dama kuma a matsayinka na ɗan wasa kana bugawa ta ɓangaren hagu, wannan tsarin ne naka. Akwai masu cafewa da dama, amma kayansu na hannu suna da wuyar samu, ka san da wannan kafin ka zaɓa. Sandar gola ana auna ta ne da tsawon faffaɗan ɓangarenta na ƙasa. Ka tsaya tsayuwar gola da takalmi, bakin sandar ya kwanta gaba ɗaya a ƙasa, allon hannunka ya tsaya daidai gefen garkuwa. Idan ta yi tsawo, hammatarka za ta buɗe, idan ta yi gajarta za ka duƙa fiye da kima. Inci 25 ta yi min. Ka naɗa ƙulli mai kauri da farin tef a saman sandar, don kada ta suɓuce, fari kuma don kada alƙalin wasa ya ɗauka fak ne ya shiga raga.

Kwalkwali kam sabo na saya, kuma a nan ba na ba kowa shawarar neman araha. Tsagewar cikin kwalkwali ba ta ganuwa a hoto, soson ciki kuma yana bushewa ya taurare da shekaru. Na gwada huɗu. Wanda ya dace shi ne wanda goshi da kumatu da haɓa duk suka zauna ba gurbi, murfin ƙeya ya shige cikin bakin kwalkwalin, idan ka girgiza kai bai motsa ba. Kejin fuska iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai manyan ramukan ido da ake kira idon kyanwa, wanda ƙwararru ke sawa, ana gani sosai ta cikinsa, amma bakin sanda na iya shiga ramin, shi ya sa ba ya ɗauke da tambarin hukumar ingancin kaya ta Kanada, CSA. Gasarmu ta shardanta mai tambari, kuma mai shagon ya ce in karanta dokar gasar kafin in biya, domin inshora na iya ƙin biya idan aka ji rauni da kejin da ba a amince da shi ba. Na haɗa da makarin wuya mai hana yanka da kuma farar robar nan da ke reto a ƙasan haɓa. Duk golan da ya kwana biyu a harkar ya san abin da ya sami Clint Malarchuk na ƙungiyar Buffalo a 1989, da ƙarfen takalmi ya yanke masa jijiyar wuya yana cikin raga, da ƙyar aka ceto ransa. Robar tana ƙara, tana ɗan damun mutum idan ya kalli ƙasa, mako biyu ka saba.

Ga lissafin kamar yadda na biya, da dalar Kanada. Na hannu, daga shafin saye da sayarwa na Kijiji da Facebook cikin mako biyar na nema: garkuwar ƙafa 350, safar cafewa da allon hannu 220, sulken ƙirji 150, wando 90, takalmi 180, jaka mai taya 60. Sababbi: kwalkwali 450, robar haɓa 35, makarin wuya 50, makarin gaba 60, makarin gwiwa 70, sanda 120, rigar gola mai faɗin hannu 30, a kansu kuma harajin kashi 12 cikin ɗari na tarayya da na jiha. Jimilla ta kusa 2,000, ban da 80 da na yi asara. Idan za ka sayi safar cafewa ta hannu, ka sa hannu ka danna tafin: idan ya yi laushi kamar tsumma, fak mai ƙarfi zai kumbura maka yatsu. Idan kuma ta yi tauri ba ta rufuwa, ka cusa fak biyu a aljihunta ka ɗaure da igiyar takalmi ta kwana, da rana ka riƙa buɗewa da rufewa. A sulken ƙirji ka ɗaga hannaye sama ka duba ko gurbi ya buɗe tsakaninsa da wando, ko a ƙashin wuya, ko a cikin gwiwar hannu, nan ne fak ke samun nama.

Washin takalmi shi ma mataki ne da kansa. Na'urar washi tana yanka kwarmi a tsakiyar ƙarfen, ta bar baki biyu masu kaifi, na ciki da na waje. Ana faɗin lanƙwasar kwarmin da inci, ƙaramar lamba ita ce kwarmi mai zurfi: rabin inci yana cizon ƙanƙara sosai, uku bisa huɗu ya fi santsi. Gola yana bukatar duka biyun, cizo don ya tura kansa, santsi don ya ja ƙafa gefe. Na fara da biyar bisa takwas, bayan wata biyu na koma rabin inci. Matsalar da na ci karo da ita a wani ƙaramin shago ita ce kaurin ƙarfe. Na gola akwai mai milimita 3 akwai mai 4, nawa mai 4 ne, yaron shagon bai gyara maƙalin na'urar ba, sai baki ɗaya ya fi ɗaya tsawo. A kan ƙanƙara ƙafar dama tana kamawa, ta hagu tana zamewa, na kwana biyu ina zargin kaina. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: ka kifa takalmin, ka ɗora kwabo a kan ƙarfen, ka kalla daga diddige. Idan kwabon ya karkata, a sake. Dala 10 ne washi, ina yi bayan kowane wasa biyar ko shida, ko nan take idan na daki turken raga da ƙarfen.

A watan Yuni na nemi ajin koyar da manyan gola. Yawancin azuzuwan na yara ne, na manya kaɗan ne kuma suna cika da wuri. Na shiga jerin jira, bayan mako uku aka kira ni: dala 240, mako shida, awa guda kowane mako, mu takwas da koci biyu, da takardar ɗauke alhakin rauni da aka sa ni na sa hannu a kai. Darasi biyu na farko ba a buga mana fak ko ɗaya ba, raina ya ɗan ɓaci, daga baya na gane nan ne kuɗin ya yi amfani. An fara da tsayuwa: ƙafafu sun ɗan zarce faɗin kafaɗa, nauyi a bakin ciki na ƙarfe, gwiwa a karye, ƙirji a ɗage, hannaye biyu a gaban jiki inda ido ke ganinsu, sanda a ƙasa kamar taku ɗaya gaban yatsu. Sai jan ƙafa gefe, gajerun taku, yatsu na kallon fak, don bin ɗan wasan da ke riƙe da shi. Sai turi mai tsawo, inda za ka juya ƙafar gaba ta kalli inda za ka, ka tura da ta baya, ka taka birki da ta gaban, wannan na bin fak ne idan an miƙa shi daga gefe zuwa gefe. Sai yanka rabin da'ira da ƙafa ɗaya don matsawa gaba da baya ba tare da ka buɗe jiki ba. Abin da ke wahalar da tsohon ɗan wasa shi ne ƙafa ta saba da haɗe taku da gudu, a raga kuwa duk lokacin da ka haɗe ƙafa ko ka miƙe tsaye, ka buɗe ƙofa. Koci ya riƙa maimaita tsari ɗaya: ido ya fara juyawa, sai kai da hannaye, ƙafa a ƙarshe.

A mako na uku aka shiga durƙuson da suke kira malam-buɗe-littafi, salon da gola Patrick Roy ya yaɗa tare da kocinsa François Allaire a Montreal, wanda yanzu kusan kowa ke bi. Za ka kora gwiwoyi biyu ƙasa a tare, ƙafafu su baje gefe, garkuwoyin su juya fuskarsu ta kalli fak, su rufe ƙasan raga, sanda ta toshe tsakanin cinyoyi, gurbin da ake kira ƙofa ta biyar. A nan igiyar yatsa ta nuna muhimmancinta, wato igiyar da ke haɗa ƙasan garkuwa da gaban takalmi. Na ɗaure tawa tam, sai ta hana ƙafata sauka, duk murɗawar ta koma cikin gwiwa da ƙugu. Koci ya durƙusa gabana ya kwance ta, ya ƙulla ƙulli huɗu a jere tun daga jikin garkuwar, abin da ya ba da sarari kamar inci ɗaya da rabi, sannan ya zura sauran ta ƙarƙashin takalmin. Ya kuma sassauta maɗauran ƙwauri har hannu na shiga. A take garkuwar ta fara juyawa da kanta, zafin gwiwar ya tafi. Garkuwar zamani an yi ta ne ta yi yawo a ƙafa, wanda ya matse ta kamar makarin ƙwaurin ɗan wasa zai ji a jikinsa. Wajen tashi kuma, idan fak ya tafi dama, ƙafar hagu za ka fara kafawa, don ita za ta tura ka.

Darasi biyu na ƙarshe na kusurwa ne. Raga faɗinta ƙafa 6, tsayinta ƙafa 4, babu jikin da zai rufe ta duka, amma idan ka fito gaba, abin da mai bugu ke gani yana raguwa. Koci ya ɗaura igiya biyu a turakun raga, ya haɗa bakinsu a kan fak, ya sa kowannenmu ya tsaya a tsakani ya matso har kafaɗunsa suka kusa taɓa igiyoyin. A nan na ga da idona cewa taku biyu gaba sun fi saurin hannu amfani. Cibiyarka ta zauna a kan layin da ya taso daga fak zuwa tsakiyar raga, daga fak ɗin, ba daga jikin ɗan wasan ba, domin sandarsa na iya nisa da jikinsa da ƙafa uku.

A Agusta na koma ofishin gasar. Canza rajista daga ɗan wasa zuwa gola fom ɗaya ne a intanet, da sabuwar takardar ɗauke alhaki da kuɗin inshorar shekara. Kuɗin kaka kuwa tsakaninka da ƙungiya ne: wasu ba sa karɓar komai daga gola, tamu rabi ta karɓa. Ka yi wannan maganar da kyaftin tun kafin kaka ta fara, a fili. Na kuma roƙi a sa ni a jerin golan aro, waɗanda ake kira idan golan wata ƙungiya bai zo ba, na faɗi gaskiyar matakina don kada a tura ni rukunin tsofaffin 'yan gasar matasa. Cikin mako shida na samu wasa bakwai na bazara ta wannan hanya, yawanci saƙo ne da ƙarfe biyar na yamma don wasan goma da rabi na dare. Ka tambayi ofishin ko wasannin aro suna shiga lissafin adadin da ake bukata kafin a bar mutum ya buga zagayen ƙarshe, a tamu ba sa shiga.

Wasan farko da ƙungiyata a Oktoba an ci mu 6 da 3. Minti uku ne ɗumama jiki, ka roƙi abokan wasanka su fara buga maka a garkuwa da ƙirji daga nesa, kada kowa ya nemi sama. Da na zauna na bi ƙwallayen shida, ɗaya ce kawai ta fi ƙarfina. Biyu sun shiga ne don na maƙale a cikin raga saboda tsoron a zagaye ni. Ɗaya don na durƙusa kafin a buga, mai bugun ya jira ya ɗaga ta sama. Biyu kuma amai ne, na tare da garkuwa fak ya dawo tsakiya gaban ɗan gabansu. Maganin aman shi ne ka karkata sanda ko garkuwa fak ya tafi lungu, idan kuma ya faɗi kusa ka rufe shi da safa, sanda a gabanta don kare yatsu, ka jira usur. Shekarun da na yi a baya sun taimaka a abu ɗaya: ina karanta inda za a miƙa fak, kuma na san abin da ɗan baya ke son ji. Shi bayansa ke kallon masu matsa shi, kai kana ganin fili duka, don haka ka buɗe baki ka gaya masa akwai mutum a kansa, ko yana da lokaci, ko ya kauce saboda yana tare maka gani. Dokoki biyu ka riƙe: gola ba ya taɓa fak bayan jan layin tsakiya, kuma idan aka ba shi ƙaramin hukunci, wani daga cikin waɗanda ke fili ne ke zaman minti biyun a madadinsa.

Jiki kuwa wani gajiya daban yake yi. Ɗan wasa na yin minti ɗaya ko biyu ya huta a benci, gola yana tsaye a karye tun daga farko har ƙarshe cikin kaya masu riƙe zafi. Ina shan lita ɗaya na ruwa a wasa, gorar a saman raga, mai dogon baki da ke shiga keji. Matsematsi da ƙugu su ne ke fara kuka. Minti goma na motsa su a ɗakin sa kaya kafin shiga, da ƙarfafa su sau biyu a mako a gida, sun raba ni da ciwon da na yi fama da shi a watan farko, kuma duk ranar da na ji suka a cikin gwiwa ba na durƙusawa sai ta lafa. Da ka dawo gida, ko ƙarfe ɗaya na dare ne, ka zazzage jakar, ka rataye sulke da wando, ka buɗe safofin gaban fanka, ka goge ƙarfen takalmi ka cire masa riga don kada ya yi tsatsa. A sanyin Winnipeg kada ka bar kayan su kwana a mota: gumin yana daskarewa a ciki, safar cafewa ta ƙi rufuwa, roba kuma ta yi saurin tsagewa. Sau ɗaya a wata ina bin sukurorin kejin kwalkwali da sukundireba, ina kuma ajiye igiyar yatsa ta biyu a aljihun jaka, domin ƙarfen takalmi yana cinye ta a hankali kuma tsakiyar wasa take tsinkewa.